Wasan Foka Na Kyauta A Waya: Yadda Ake Yin Sa, Da Inda Kyautar Take Ƙarewa

Foka wasan karta ne da ya fito daga Amurka. Nau'insa da ya fi yaɗuwa a duniya shi ne Texas Hold'em, ko Holdem a taƙaice, wanda ake raba wa kowa kati biyu a rufe, sannan a buɗe kati biyar a tsakiyar tebur kowa ya haɗa da nasa. A 'yan shekarun nan ya shigo wayoyin samarinmu ta tallan da ke faɗowa a Facebook da cikin wasu wasannin waya, kullum da kalma ɗaya a gaba: kyauta.

A nan Abuja ina ganinsa a hannun yaran kara a Dei-Dei da masu jiran lodi a Zuba, kuma 'yan'uwanmu da ke raka shanu zuwa Agege da Akinyele da Lokpanta suna ce min can ma haka ne. Yawancinsu danne-danne kawai suke yi, ba su san ƙa'idar wasan ba, balle su san abin da mai manhajar yake nema a wurinsu. Shi ya sa na tattara bayanin a wuri ɗaya. Ana iya koyon wasan nan kaf ba tare da an biya ko sisi ba. Amma wanda ya koyi lissafinsa da kyau zai gane da kansa wa ke cin riba a teburin, kuma wannan ganewar ta fi iya wasan amfani.

Daga ina ya fito

A shekarar 2007 majalisar jihar Teksas ta amince cewa a garin Robstown aka fara Holdem, a farkon shekarun 1900. Ya isa Las Vegas, birnin caca na Amurka, a shekarun 1960. A 1970 wani mai gidan caca, Benny Binion, ya fara gasar World Series of Poker, wadda har yau ita ce babbar gasar foka ta duniya.

A intanet, wasan kyauta ya riga na kuɗi zuwa. Sai a ranar 1 ga Janairu 1998 shafin Planet Poker ya fara raba karta a kan kuɗin gaske. Abin da ya haukata duniya kuwa ya faru a 2003. Wani akanta daga jihar Tennessee mai suna Chris Moneymaker ya ci wata ƙaramar gasa a shafin PokerStars, ya samu kujera a babbar gasar da ake biyan dala 10,000 kafin a shiga, ya doke kowa cikin mutum 839, ya tafi da dala miliyan 2.5. Zuwa 2006 masu shiga gasar sun kai 8,773. Labarin mutumin nan ɗaya ake ta tallar wasan da shi har gobe. Ba a cika faɗa maka cewa a irin waɗannan gasa kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ne kawai ke tashi da wani abu ba, sauran kuwa kuɗin shigarsu ne ake rabawa.

Yadda ake wasan

Kartar foka kati 52 ce, ba irin ta Whot da muka saba da ita ba. Dangi huɗu ne, biyu ja biyu baƙi: mai zuciya, mai lu'ulu'u, mai ganye da mai fure. Kowane dangi kati 13 ne, daga 2 zuwa 10, sai J, sai Q, sai K, sai A wanda ya fi kowa girma. Tebur yana ɗaukar mutum biyu zuwa tara ko goma.

Kafin a raba komai, mutum biyu da ke hagun mai rabo za su yi zubin dole, na farko ƙarami, na biyu yawanci ninkinsa. Wannan ne tushen tsibin da ake fafatawa a kai. Daga nan wasan yana tafiya zango huɗu:

1. A ba kowa kati biyu a rufe, a yi zagayen zubi.
2. A buɗe kati uku a tsakiya, masu wasan na ce masa fulof, a sake zagaye.
3. A buɗe kati na huɗu, a sake zagaye.
4. A buɗe na biyar, a yi zagayen ƙarshe.

Katunan tsakiyar nan kamar rijiyar unguwa suke, kowa na ɗiba. Daga biyun da ke hannunka da biyar ɗin tsakiya za ka zaɓi biyar mafi ƙarfi, su ne hannunka.

Idan layi ya zo kanka, abu huɗu ne a gabanka. Ko ka ajiye katinka ka fita daga wannan rabon, wato fol, kamar mai saniya ya ce albarka. Ko ka wuce ba ka zuba komai ba, wato cek, in babu wanda ya zuba kafin kai. Ko ka biya daidai abin da aka zuba ka ci gaba, wato kol. Ko ka ƙara a kai, wato res. A nau'in da aka fi yi babu iyaka, mutum na iya tura duk abin da ke gabansa a lokaci ɗaya.

Hanyar ci biyu ce. Ko a kai ƙarshe a buɗe kati naka ya fi, ko kowa ya tsorata ya ajiye ya bar ka kai kaɗai. A ta biyun nan ba dole ka nuna katinka ba, kuma daga nan burga ta samo asali: mutum ba shi da komai amma ya zuba kamar yana riƙe da sarauta.

Wane hannu ya fi wane

Daga sama zuwa ƙasa:

1. Jerin sarauta: 10, J, Q, K, A, duka dangi ɗaya.
2. Jere mai dangi ɗaya: misali 5, 6, 7, 8, 9 duka masu zuciya.
3. 'Yan huɗu: kati huɗu masu lamba ɗaya.
4. Cikakken gida: 'yan uku haɗe da tagwaye.
5. Dangi ɗaya: kati biyar na dangi guda, ko ba a jere suke ba.
6. Jere: lambobi biyar a jere, dangi a gauraye.
7. 'Yan uku.
8. Tagwaye biyu.
9. Tagwaye.
10. Babban kati: in babu mai komai, mai kati mafi girma ya ci.

Tsarin ba son rai ba ne, abin da ya fi wuyar samu shi ke sama. Hanyoyin da za a iya zaro kati biyar daga 52 sun kai 2,598,960. A ciki, huɗu kacal ne jerin sarauta, 624 ne 'yan huɗu, tagwaye kuwa sun haura miliyan ɗaya.

Lissafin da ke ciki

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kara yana kallon bijimi yana ƙiyasta naman da zai fitar, ya cire kuɗin mota da na dillali kafin ya taya, zai gane wannan sashen da wuri.

Na farko, katin farawa. Kati biyun da za a iya ba ka suna da fuska 1,326, amma in an haɗa masu kama da juna iri 169 ne. Samun tagwaye tun farko sau ɗaya ne cikin 17. Samun A biyu, wanda shi ne mafi ƙarfi, sau ɗaya ne cikin 221. Shi ɗin ma in ya kara da mutum ɗaya mai kowane irin kati, kusan sau 85 cikin ɗari yake ci, sauran ya sha ƙasa. Mafi yawan abin da za a raba maka tarkace ne, don haka gwanaye sun fi ajiye kati a kan shiga wasa. Sabon shiga shi ne yake son ya ga kowane fulof.

Na biyu, wurin zama. Mai magana a ƙarshe ya riga ya ga abin da kowa ya yi. A ciniki ma ai wanda ya bari aka fara tayawa ya fi sanin inda kasuwa ta dosa.

Na uku, ƙirga katunan da za su cece ka. A ce kana da masu zuciya biyu a hannu, biyu kuma sun fito a tsakiya, saura ɗaya ka cika dangi. Masu zuciya 13 ne, ka ga huɗu, saura tara. In kati ɗaya ya rage a buɗe, tara ne cikin 46 da ba ka gani ba, wato kusan sau ɗaya cikin biyar. In biyu suka rage, kusan 35 cikin ɗari. Akwai gajeriyar hanya: ninka adadin katunan sau biyu in kati ɗaya ya rage, sau huɗu in biyu suka rage, zai ba ka kusan kason.

Na huɗu, auna farashi. Tsibi yana da 800, wani ya zuba 200, kati ɗaya ya rage. Za ka biya 200 don neman 1,000, ke nan ko sau ɗaya cikin shida kake ci ba ka faɗi ba, kai kuma damarka ɗaya cikin biyar ce. Cinikin ya yi. Amma in 800 ya zuba, sai kana ci sau ɗaya cikin uku kafin ka mayar da kuɗinka. Nan sai ka ce albarka.

Iya wasan ke nan a dunƙule. Ka lura, ko ka yi lissafi daidai, a wancan misalin sau huɗu cikin biyar za ka rasa. Ƙwarewa sai bayan dubban rabo take nunawa. A dare ɗaya kuwa sa'a ce ke mulki.

Inda ake koyo ba tare da kuɗi ba

Hanya mafi sauƙi ba ta ma buƙatar data. Ka samu karta mai 52, ka raba wa kujeru huɗu a buɗe, ka fitar da biyar na tsakiya, ka faɗi wanda ya ci. In ka yi haka sau talatin, jerin hannuwan nan zai zauna maka.

Sai manhajojin da ake karawa da kwamfuta ba tare da intanet ba. Ba sa neman rajista, kuma babu mai zuga ka.

Sai manyan manhajojin da ake wasa da mutane na gaske a kan kwabban wasa, waɗanda ake ce wa cif. Zynga Poker, wadda ta fara a Facebook a 2007, ita ce aka fi sani, akwai kuma manhajar World Series of Poker. Za a ba ka cif kyauta ranar da ka shiga, a riƙa ƙara maka kaɗan-kaɗan kullum. Cif ɗin nan ba a canza shi zuwa kuɗi. A YouTube kuma darussa sun yi yawa, sai dai kusan duka da Turanci ne.

Akwai abin da teburin kyauta ba zai koya maka ba. Tunda babu mai jin zafin asara, mutane suna tura duk abin da ke gabansu da kowane irin tarkace. Wanda ya ɗan iya haƙuri sai ya tara miliyoyin cif, ya fara jin shi gwani ne. To a nan haɗarin yake. Cin 'yan wasan banza ba ya nuna komai game da teburin kuɗi, inda akwai mutanen da wannan ce sana'arsu shekara da shekaru.

Me mai manhajar yake ci

Babu ɗan kasuwar da ke ciyar da saniyar da ba zai tatsa ba. Hanyar farko talla ce. Ta biyu sayar da cif: ranar da naka ya ƙare, nan take za a nuno maka garaɓasa, ka saya da kuɗin gaske. Kuɗi na shiga, ba ya fita. A watan Maris 2018 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya a Amurka ta yanke cewa cif ɗin manhajar Big Fish Casino abu ne mai daraja, don haka wasan caca ne a ƙarƙashin dokar jihar Washington. A 2020 kamfanonin da abin ya shafa suka amince su biya dala miliyan 155 don a kashe maganar.

Hanya ta uku ita ce teburin kyauta ya zama zaure, cikin gidan kuwa teburin kuɗi ne. A can mai tebur yana cire la'ada daga kusan kowane tsibi, sau da yawa wajen kashi 5 cikin ɗari. Mahaifina fataucin shanu yake yi, na tashi ina ganin dillali yana karɓar la'adarsa ko mai saye ya ci riba ko ya faɗi. Amma dillali sau ɗaya yake karɓa a kan saniya ɗaya. Mai teburin foka yana karɓa ne duk bayan minti ɗaya.

Ga misali. Mutum shida sun zauna, kowa da N10,000, jimilla N60,000. A ce kowane tsibi N4,000 ne, la'ada N200. A intanet ana iya yin rabo 60 a awa ɗaya, ke nan N12,000 na fita daga teburin duk awa. In suka yi awa biyar a haka, abin da mai tebur ya kwasa ya kai duk kuɗin da suka zo da shi. Abin da zai sa teburin bai mutu ba shi ne waɗanda suka ƙare suna sake zubo sabon kuɗi.

Ga kuma waɗanda kake karawa da su. A 2017 wata manhajar kwamfuta mai suna Libratus, ta jami'ar Carnegie Mellon, ta doke ƙwararru huɗu a Holdem na mutum biyu. A 2019 wata mai suna Pluribus ta yi haka a tebur mai mutum shida. A waya ba ka ganin fuskar kowa. Zai iya zama na'ura ce, zai iya zama mutum uku ne a ɗaki ɗaya suna nuna wa juna kati, kai kaɗai ne baƙo.

Ko ka ci, kuɗin da ke cikin shafi ba a aljihunka yake ba. Ranar 15 ga Afrilu 2011 hukumomin Amurka suka rufe manyan shafukan foka uku a ƙasar. Masu gabatar da ƙara sun ce ɗaya daga ciki, Full Tilt Poker, 'yan wasa na bin sa kusan dala miliyan 390 alhali abin da ke asusunsa bai wuce miliyan 60 ba. Wasu sai da suka yi shekaru kafin su ga kuɗinsu.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne tsarin kulob. Wani zai sa ka a zauren WhatsApp ko Telegram, ya ce ku yi wasa a manhajar kyauta, amma ku tura masa kuɗi a gefe shi zai raba wa wanda ya ci. Wannan caca ce tsagwaronta, kuma ranar da ya kashe waya babu ofishin da za ka je.

Abin da doka ta ce

A da, Dokar Caca ta Ƙasa ta 2005 da hukumarta da ke Abuja su ke ba da lasisi a faɗin Najeriya. Jihar Legas ta kai ƙara tun 2008, kuma ranar 22 ga Nuwamba 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa majalisar tarayya ba ta da hurumin yi wa jihohi dokar caca, ikonta a wannan fannin ya tsaya a Babban Birnin Tarayya kaɗai. Ma'ana, mu a Abuja dokar tarayya ce ke kanmu, kai kuma da ke Agege ko Sabon Ibadan ko Shagamu dokar jiharka ce. Legas tana da hukumarta mai ba da lasisi. A Kano kuwa, inda ake aiki da shari'ar Musulunci, Hisba ta rufe shagunan caca a watan Oktoba 2024. Shafin da ke zaune a wata ƙasa ba shi da lasisi a inda kake, in ya cinye maka kuɗi sai dai ka bar wa Allah.

Abin da addini ya ce

In da kuɗi a ciki, babu saɓani: caca ce, kuma haramcinta yana Suratul Ma'ida, aya ta 90 da 91. In babu kuɗi, malamai sun rabu. Wasu sun hana karta gaba ɗaya, wasu sun ƙyale in ba ta hana salla ko aiki ba kuma ba ta jawo faɗa. Sayen cif da kuɗin gaske don a zuba shi a tebur kuwa, ka kai wa malamin unguwarku ka yi masa bayanin yadda abin yake dalla-dalla kafin ka ce ai wasa ne kawai.

Ga mai riƙe da kuɗin mutane

Yawancin samarinmu a kudu amana ce a hannunsu: kuɗin shanu, kuɗin albasa, cinikin shagon maigida, ko abin da za a aika gida. Yanzu kuma duka a waya suke zaune, waya ɗaya da wasan. Na san wani yaro da ya raka tirela kudu, kasuwa ta yi sanyi ya kwana shida yana jira. Ya fara da na kyauta, aka sa shi a wani kulob, kafin a sayar da shanun ƙarshe ya taɓa kuɗin bijimi guda. Mahaifinsa ya sayar da gona ya biya, amma har yau babu wanda ya sake ba yaron rakiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar caca cikin jerin cututtuka, don haka wanda ya kamu taimako yake buƙata, gori ba zai warkar da shi ba.

In ka ga sai ka koya, ga abin da zan ce:

- Kada ka haɗa katin ATM ɗinka da Play Store. In ya riga ya haɗu, ka saita shi ya riƙa neman lambar sirri kafin kowace sayayya.
- Wasan kyauta ba ya buƙatar BVN ko NIN. Wanda ya nema, ka goge shi.
- Kada ka sauke manhaja ta hanyar da aka turo maka a WhatsApp.
- Cif ya ƙare, wasa ya ƙare. Ka jira na gobe.
- Kuɗin amana ya zauna a asusun da ba ya cikin wayar da kake wasa da ita, ko ka tura wa mai shi da zarar an biya.
- In ka fara ɓoye wayar in babba ya shigo, ko kana jinkirta salla don a gama rabo, ko kana tunanin yadda za ka mayar da abin da ka rasa, lokacin gogewa ya yi. Ka gaya wa wani babba da ka yarda da shi tun abin bai kai gaban Sarkin Hausawa ba.

Iyaye da iyayen gida, ku ma ku san kamannin abin: tebur kore ko shuɗi a fuskar waya, kati biyu a ƙasa, biyar a tsakiya. In kun gani, ku tambayi yaro cikin natsuwa ko ya taɓa sayen cif, ko akwai wanda yake tura wa kuɗi. Amsar waɗannan tambayoyi biyu ita za ta nuna muku ko har yanzu a wasa yake ko ya riga ya shiga caca.

Allah ya tsare mana dukiyarmu da mutuncinmu, ya ba mu halaliyarmu.